Kwana Huɗu a Kan Babur, Daga Kurmin Tsauni Zuwa Bakin Teku

Kawu bai gama amsa gaisuwata ba ya durƙusa gaban babur ɗina. Ya sa yatsa ya ɗaga sarƙar daga ƙasa, ya sake ta, ya kuma ɗagawa, sannan ya ɗago kai ya dube ni. "Da wannan za ka hau dutse?" Saura kwana biyu mu tashi, ni kuma a ganina na riga na gama shiri. Na tanadi rigar ruwa, na ɗaure jaka, na zana hanya a taswirar waya. Ashe shirin ko farawa ban yi ba.

Tafiyar kwana huɗu muka tsara, mu biyu, kowa da nasa babur: kwana biyu a cikin tsaunuka masu kurmi, daga nan mu gangara mu bi gaɓar teku kwana biyu. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ya daɗe yana doguwar tafiya a babur tun ina ƙarami. Ni ma na yi shekaru ina tuƙi, amma duk a shimfiɗaɗɗiyar hanya wadda kake hango abin da ke gabanka tun daga nesa. Dutse ban san shi ba, teku kuma a hoto kawai nake ganinta.

Yini guda cur muka kwashe a kan baburan. Littafin da ya zo da babur ɗina ya ce wasan sarƙa a tsakiya ya tsaya tsakanin milimita 25 da 35, tawa kuwa ta kusa ninka hakan. Muka ja ta, muka wanke, muka shafa mata mai. Iskar taya muka auna da geji tun tayoyin na da sanyi, domin da zarar an yi tafiya sun ɗumama iskar ciki tana ƙaruwa, geji ya ba ka lissafin da ba shi ba ne. Tunda zan ɗora kaya a baya, muka ƙara wa tayar baya iska gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta.

Abin da ya fi tsaya wa Kawu a rai shi ne man birki. Ya buɗe ɗan mazubin da ke kusa da hannun dama, ya leƙa, ya ga man ya yi duhu. "Yaushe rabonka da canza shi?" Na ce ban taɓa ba. Bai yi faɗa ba, zama ya yi ya yi mini bayani. Man birki yana zuƙar danshin iska a hankali. Sabon mai irin DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230 ko fiye, amma in ya sha ruwa sai ya iya tafasa tun a wajen 155. A cikin gari mutum ba zai taɓa sani ba, tunda birkin na samun hutu. A doguwar gangara kuwa, inda ake ta matsa shi ba ƙaƙƙautawa, zafi ya taru, man ya tafasa, kumfa ta shiga bututu. Kumfa matsuwa take yi, sai ka ja hannun birki har ya taɓa kan babur amma babu abin da ya kama. Shi ya sa ake cewa a canza shi duk shekara biyu. A ranar muka zubar da tsohon.

Kayana kuma rabi ya mayar mini gida. Abin da ya rage ya sa na jera mai nauyi a ƙasa, kusa da tsakiyar babur, gefe biyu daidai wa daida. Sifana, filaya, kayan faci, ƙaramin famfo, fulogi guda, tocila. Ya miƙo mini wasu 'yan soso biyu na toshe kunne, ya ce ƙarar iska a cikin hular kwano, in ana gudu kamar kilomita 100 a awa, tana haura decibel 90 a ma'aunin ƙarfin sauti, alhali tun daga 85 kunne ke fara cutuwa in abin ya daɗe. Na karɓa ba don na gamsu ba. Yanzu ba na fita doguwar tafiya babu su, don ban da kunnen, gajiyar yamma ma raguwa take yi.

Da asuba muka tashi. Sa'o'in farko ba wani labari: kwalta miƙaƙƙiya, ƙasa busasshiya, bishiyoyi ɗai-ɗai, tsaunukan can gaba kamar hayaƙi. Wajen hantsi hanya ta fara ɗagawa.

Sanyi ne ya fara yi mini sallama. Na san a karatu cewa duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi, amma gani ya kori ji. Mun bar ƙasa ina gumi a cikin riga, kafin azahar yatsuna sun fara ƙagewa a cikin safar hannu. Gudun babur kuma yana ƙara wa sanyi kaifi. Muka tsaya na ƙara riga a ciki. Kawu ya ce kada in taɓa jira sai na fara karkarwa, don hannun da ya sandare ba ya jin birki, kan da ya ɗauki sanyi kuma ba ya yanke shawara da wuri.

Injin ma ya ji a jikinsa. Iskar sama ba ta da kauri kamar ta ƙasa, injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 1,000. Sai ka murɗa totur ka ji babur yana amsawa da nauyi. Nawa sabon samfuri ne da kwamfuta ke auna masa mai, ya ɗan yi laushi kawai. Na Kawu mai kafireta ne, mai ya fi iskar da ke shiga yawa, yana ta tari a hawa yana fitar da ɗan baƙin hayaƙi. Ko a jikinsa. Ya sauke giya ya ci gaba.

Sai kwanoni. Nan ne na gane cewa shekarun da na yi ina tuƙi ba su koya mini abin da ake bukata ba. Kafin mu shiga, Kawu ya tsayar da ni a gefe, ya ɗage gilashin hularsa ya ce, "Ɗana, abu uku. Ka gama taka birki kafin ka shiga kwana. Ka shiga da giyar da za ta fitar da kai. Kuma ka dubi inda kake son zuwa, babur idonka yake bi." Na ce to, Kawu. Biyun farko na riƙe. Na ukun na ɗauke shi maganar manya ce kawai.

Bayan kamar awa guda muka zo wata kwana da ta yaudare ni. Daga bakinta ta yi kama da sauran, amma da na shiga sai ta ƙara matsewa, kamar ƙugiya. A gefen waje akwai wani ƙaton dutse da aka shafa wa farin fenti, bayansa kwazazzabo. Idona ya sauka a kan dutsen nan ya ƙi tashi. Har yau ina iya faɗin yadda yake: fentin ya ɓare a kusurwa ɗaya, wata ciyawa ta tsiro a tsagarsa. Ina kallonsa, babur yana miƙewa yana nufarsa, hannuwana sun ƙage a kan babur, cikina ya ɗuri ruwa. Ban san yadda aka yi ba, maganar Kawu ta faɗo mini. Na fizge kaina da ƙarfi, na juya haɓata gaba ɗaya zuwa inda hanyar ta nufa, na tura hannun ɓangaren da zan bi. Babur ya kwanta, ya zagaya, na fita da tazarar da ba ta fi taku biyu ba tsakanina da bakin kwalta.

Na tsaya a wurin tsayawa na farko, ƙafafuna suna rawa. Kawu ya gani a madubi, ya dawo. Ya ba ni ruwa, ya bar ni na huce, sannan ya tambaye ni, "Me kake kallo?" Na ce dutsen. Ya ce, "To ai can ka ce masa ya je."

A wurin ya nuna mini abin da hannuna ya yi ba tare da na sani ba. Babur in yana gudu, ko da kilomita 20 ko 30 ne a awa, ba a juya masa kai kamar sitiyarin mota. In dama za ka, hannun dama kake turawa gaba kaɗan. Tayar gaba ta ɗan kauce hagu, babur ya kwanta dama, kwanciyar ce ke zagayawa da shi. Duk mai babur haka yake yi, sai dai da yawa ba su san suna yi ba, shi ya sa ranar da tsoro ya zo sai jiki ya sandare a rasa abin yi. Ya kuma nuna mini yadda ake karanta kwanar da ba a ganin ƙarshenta. Ka dubi can inda gefen hanya biyu suka haɗu a idonka. In wurin yana gudu yana nisa da kai, kwanar buɗewa take yi, ka ƙara wuta. In yana matsowa gare ka, matsewa take yi, ka rage. Wannan ɗan ilimin shi ya raka ni sauran kwana ukun, kuma a ganina ya kamata a koya wa duk wanda zai hau babur tun ranar farko.

Mun kwana a wani masauki kusa da ƙololuwar hanyar. Washegari muka tsallaka ɗaya ɓangaren, duniya ta canza.

Ɓangaren da muka hawo daji ne mai sarari, kana ganin sama. Wannan kuwa kurmi ne sosai. Bishiyoyi dogaye sun haɗe kai a saman hanya, sai ka ce cikin zaure kake tafiya. Jikinsu duk gansakuka kore shar, igiyoyi na reto, ruwa na tsiyaya daga jikin duwatsu yana ratsa kwalta. Dalilin bambancin teku ce, ko da yake ba mu gan ta ba tukuna. Iska mai danshi ke tasowa daga teku, ta ci karo da tsauni, dole ta hau. Tana hawa tana yin sanyi, danshin ya zama girgije ya zuba a ɓangaren da ke fuskantar teku. Kafin ta tsallaka bayan dutse ta riga ta juye ruwanta. Tsauni ɗaya, fuska biyu.

Ƙamshin wurin ba zan manta shi ba. Ƙasa jiƙaƙƙiya, ruɓaɓɓen ganye, wani sanyi mai ɗanɗano. Mai mota yana wucewa ta cikin wannan a rufe da gilashi. Mai babur a ciki yake. Duk inda hanya ta nutsa cikin kwari sai ka ji sanyi ya taɓa maka wuya, ta fito rana kuma ka ji ɗumi a gwiwa. Da muka kashe injina a bakin wani rafi, na cire soson kunne, sai da na ɗan jima kafin in rarrabe abin da nake ji: ruwa a kan duwatsu, tsuntsaye iri-iri, ɗigon raɓa daga ganye zuwa ganye, da ƙarar salansa tana ƙas-ƙas tana hucewa.

Amma kurmi ba ya barin ka ga nesa, kuma kwaltarsa ba ta bushewa. Inda rana ba ta kaiwa, gansakuka takan hau gefen hanya, santsinta kamar sabulu. Jiƙaƙƙen ganye ma haka. Farin layin fenti, murfin ƙarfe, gadar katako, duk in sun jiƙe abin gudu ne. Abin da ke riƙe da kai da babur da kaya gaba ɗaya a kan hanya bai wuce faɗin tafin hannu ba a kowace taya. In ka tuna haka, ba sai an ce ka sassauta ba. Na koyi bin sawun tayoyin motoci inda kwalta ta fi tsabta, in guji tsakiyar layi inda mai ke ɗiga. Hasken ma wahala ne: ka fito daga inuwa mai duhu ka faɗa rana, ka koma inuwa, ido bai gama sabawa da ɗaya ba an ba shi ɗayan. A irin wannan ne wata dabba mai kama da gada ta tsallaka tsakanina da Kawu, tsalle biyu ta ɓace. Tazarar da ya ce in riƙa bari tsakaninmu ita ta ba ni damar rage gudu ba tare da na damƙe birki ba.

Bayan azahar hadari ya sauko mana, ko in ce mu muka shiga cikinsa, don a wannan tsayin girgije a kan hanya yake kwance. Fitilar bayan Kawu ta zama ɗan jan ɗigo, ta ɓace, ta dawo. Sai ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya. Muka raɓe muka sa rigunan ruwa, muka jira. Kawu ya ce farkon ruwa ya fi kowane lokaci santsi, saboda yana tayar da mai da ƙurar da suka kwanta a kwalta kafin ya wanke su. Da ya tsagaita muka ci gaba a hankali, komai da laushi: totur da laushi, birki da laushi, kwanciya kaɗan. Gilashin hulata yana ta yin gumi daga ciki, sai na ɗan ɗage shi faɗin yatsa iska ta shiga.

Daga nan gangara ta fara, mai tsawo, kwana bayan kwana. "Giyar da za ka hau da ita, da ita za ka sauka," in ji Kawu. Wato ka bar injin ya riƙe babur, a giya ta biyu ko ta uku, birki kuma ka taɓa shi da ƙarfi na ɗan lokaci kafin kwana ka sake shi ya sha iska, maimakon ka ɗora yatsu a kai kana ja tun daga sama har ƙasa. Kada ka kashe inji don tsimin mai, kada ka riƙe kuloci ka bar babur ya zurara. Birkin gaba shi ke yin mafi yawan aikin tsayawa, kusan kashi 70 cikin 100, a gangara ma ya fi haka tunda nauyi gaba yake komawa. Na baya taimako ne da daidaita zama.

A tsakiyar gangarar muka riski wata babbar mota tana sauka kamar tana rarrafe. Tun kafin in gan ta na ji warin: ƙauri mai kaifi, kamar ana ƙona roba da ƙarfe tare. Hayaƙi na fita daga tayoyinta na baya. Gaba kaɗan muka wuce wata 'yar hanya da ta balle daga babbar ta haura tudu, cike da tsakuwa mai zurfi, an yi ta ne don motar da birki ya ƙwace wa ta afka ciki ta tsaya. Akwai sawun taya biyu a cikin tsakuwar, masu zurfi, ba su daɗe ba. Na tuna duhun man da muka zubar kwana uku da suka wuce. Da muka tsaya a ƙasa na kai hannu kusa da faifan birkina, ban taɓa ba, zafin ya bugi tafina tun daga nesa.

Tekun kuwa ba ta yi sallama ba. Muna cikin bishiyoyi, kunnuwana suna toshewa suna buɗewa saboda saukowa, iska ta fara ɗumi, wani wari-wari mai gishiri ya shigo hula. Muka sha wata kwana, bishiyoyin hagu suka ƙare kamar an yanke su da wuƙa, sai ga ta. Shuɗi har iyakar gani, rana ta la'asar ta zuba a kanta tana walƙiya. Tsigar jikina ta tashi. Na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro, na yi ta cewa Allahu Akbar ni kaɗai a cikin hula.

Kwana na uku na tashi da zaton wahala ta ƙare. Hanya a buɗe, kwalta a bushe, babu gansakuka, babu hazo. An sassaƙe ta a jikin dutse, dutse a hannu ɗaya, teku a ɗayan, can ƙasa raƙuman ruwa suna dukan duwatsu suna tashi fari fat. Irin waɗannan hanyoyi ba su da yawa a duniya, kuma kusan kowace da gumin mutane aka yi ta. Great Ocean Road ta Ostiraliya, mai tsawon kilomita 243, sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya ne suka haƙa ta daga 1919 zuwa 1932. Chapman's Peak ta Afirka ta Kudu, da aka buɗe a 1922, kilomita 9 ce kacal amma kwanoninta 114. Ta Hai Van a Biyetnam ma, inda tsauni mai kurmi ya gangaro har cikin teku, tun da aka buɗe hanyar ƙarƙashin dutse a 2005 yawancin motoci suka koma can, ta sama ta zama ta masu babur. Ina tafe ina kallon sawun sara a jikin dutsen da ke gefena, ina tunanin waɗanda suka rataya a nan da igiya kafin a samu inda taya za ta taka.

Tunanin nan da kallon nan su suka kusa jawo mini abin da kurmi bai jawo ba. Wani jirgin ruwa na hango can nesa, fari, shi kaɗai. Na ce bari in ɗan duba. Ƙahon mota ne ya dawo da ni, na ga tayata ta gaba ta riga ta haye layin tsakiya, motar tana tahowa. Na koma hannuna, ta wuce, direban yana ɗaga mini hannu cikin fushi, kuma da gaskiyarsa.

Wannan karon Kawu ransa ya ɓaci. Ya tsaya, ya cire hula, abin da bai cika yi ba. "Shekaranjiya dutse ka kalla don tsoro, yau teku ka kalla don sha'awa. Babur bai san bambanci ba." Ya sa na yi lissafi da bakina. Kilomita 60 a awa kusan mita 17 ne a daƙiƙa guda. Kallon daƙiƙa biyu, ka yi mita 33 ido a rufe. A wannan hanyar mita 33 kwana guda ce sukutum. Ya ce, "In kallo za ka yi, ka tsaya ka kalla har ka ƙoshi. In tafiya za ka yi, ka yi tafiya. Kada ka haɗa." Na ce, "Na ji, Kawu. Ka yi haƙuri." Ya ce ba shi zan ba haƙuri ba, 'yar'uwarsa ce ke jirana a gida.

Daga nan tafiyar ta sake tsari, kuma ta fi daɗi nesa ba kusa ba. Duk wurin tsayawa da aka tanada sai mun tsaya. Kilomitocin da muka yi a ranar ba su kai rabin na ranar farko ba, amma abin da na gani ya ninka. A wani tudu da allo ya nuna tsayinsa ya kai mita 100 daga ruwa, Kawu ya ce daga nan idonka yana kaiwa kusan kilomita 36 kafin doron duniya ya ɓoye sauran. In ka sauka bakin ruwa ka tsaya da ƙafarka, bai wuce kilomita 5 ba. Na zauna a kan katangar dutse na yi ta kallon yadda launin ruwan ke sauyawa, kore-kore a kusa da gaɓa inda yashi ke ƙasa, shuɗi mai duhu inda zurfi ya fara, da wani layin kumfa da ke tafiya shi kaɗai. Tsuntsayen teku suna tsaye cak a iska daidai fuskata, ba sa ko kaɗa fiffike.

Iskar da ke riƙe da su ita ce abokiyar kokawarmu bayan azahar. Da rana ƙasa tana riga teku yin zafi, iskar kan tudu ta tashi sama, ta teku ta kwararo ta maye gurbinta, shi ya sa take ƙarfi da yamma. In dutse ya kare ka ba ka jin komai, kana fitowa daga bayansa ko ka hau gada sai ta buge ka daga gefe kamar an ture ka da kafaɗa. Na farko ya firgita ni na ƙanƙame kan babur, abin ya ƙara muni. Dabarar ita ce ka matse tanki da gwiwoyi, ka saki hannuwa su yi laushi, ka bar babur ya ɗan jingina da iskar, kuma ka sa ran za ta sake ka ba zato kamar yadda ta kama ka. Na koyi duban ciyawar gefen hanya da ke gaba. In na ga ta kwanta, na san abin da ke jirana. Iskar nan kuma tana kwaso yashi ta zuba a kwanonin da ke kusa da ruwa, siriri, launinsa ɗaya da ƙura, ba ka ganinsa sai ka zo kai. A kansa ba birki, ba kwanciya, ka miƙar da babur ka wuce.

Da yamma muka sauka wani lungu mai yashi. Na kafe babur, jak ɗin ya fara nutsewa, Kawu ya tura mini wani faffaɗan dutse da ƙafa na sa a ƙarƙashi. Ya hana mu matsawa da baburan kusa da ruwa, ya nuna mini layin busasshiyar ciyawar teku da tarkacen itace can sama da inda muke tsaye: nan ruwa yake kaiwa. Ya soka wani kara a bakin ruwa muka zauna. A yawancin gaɓoɓi teku tana cika sau biyu ta janye sau biyu a yini, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25, wata ne ke jan ta. Kafin rana ta faɗi karan ya nutse har rabi. Na cire takalma na shiga har gwiwa, na ji yashi yana zarewa daga ƙarƙashin dugadugaina duk lokacin da ruwa ya koma. Na ɗanɗana. Gishirin ya fi yadda na zata nesa. Kusan giram 35 ne a kowace lita.

Gishirin nan na tarar a kan babur da safe. Hazo ya taso daga teku cikin dare ya lulluɓe komai, irin wanda ke samuwa in iska mai ɗumi da danshi ta ratsa kan ruwa mai sanyi. Sirdi ya jiƙe, madubi ya yi dusu-dusu, faifan birki ya yi ja-ja da tsatsa a dare ɗaya. Na ɗauko tsumma zan goge gilashin hula, Kawu ya riƙe mini hannu. Ya ce a bushe ba a gogewa, gishiri da yashi za su kankare shi, in rana ta haska ka kasa gani. A fara zuba ruwa. Muka jira har hantsi hazon ya ɗaga, muka yi sauran hanyar gaɓar a natse, muna tsayawa inda ya kamata. Kwanonin ranar na sha su ba tare da na tuna ina shan su ba, haɓata tana juyawa da kanta, idona yana can inda gefen hanya biyu suka haɗu. Teku tana gefena, ina jin ta, ina jin ƙamshinta, na bar ta sai mun tsaya.

Inda hanyar ta rabu da gaɓa muka samu famfo a wani gidan mai, muka nemi izini muka wanke baburan da ruwan sanyi, ƙarƙashin inji, cikin tayoyi, bayan salansa, duk inda gishiri zai iya maƙalewa. Ruwan da ke gangarowa daga nawa ja ne da lakar kurmi, da 'yan ganyaye da suka manne tun shekaranjiya. Ina cikin matse tsumma na ga Kawu ya durƙusa gaban babur ɗina. Ya sa yatsa ya ɗaga sarƙar, ya sake ta, ya kuma ɗagawa.

"Ta saki," in ji shi. "Miƙo sifana."